Delmer, Tashi Ka Sayo Gyaɗa

Ranar Juma'a da dare, bayan an kwashe kwanuka, Earlene Scruggs ta ji wata ƙara daga kicin, kamar ana jan akuya a kan katako. Ƙwaram, sai shiru. Ƙwaram, sai nishi. Su dai ba su da akuya, karensu kuma ya mutu tun bara.

Da ta leƙa, sai ga mijinta Delmer zaune a kujera. Ya naɗe ƙugunsa da sarƙar marigayi karen, ya zagayo da ita ta bayan kujerar, yana kokawar danna kwaɗo.

"Au, tsufan har ya kai nan?"

"Gwaji nake yi. Zo ki ja ni mu gani."

Ta ja. Shi da kujerar suka taho tare.

"Ba komai," in ji shi. "Bencin filin wasa a kafe yake."

Shekara talatin da takwas Delmer bai taɓa fashin wasan gida na Kwalejin Tallow Creek ba, wasan ƙwallon nan na Amurka da ake runguma a ruga da ita. Ko ruwa ko sanyi, yana layin benci na goma sha huɗu da koriyar hularsa mai hoton tarwaɗa. Ranar da aka haifi 'yarsa ma sai da aka tashi wasa ya isa asibiti, fuskarsa shafe da koren fenti, har ungozoma ta ƙi miƙa masa jaririyar. Amma duk tsawon shekarun nan, ko sau ɗaya bai ga yaranmu sun tsallake layin ƙarshe da ƙwallo ba. Na abokan gaba kam ya gani har ya gaji.

Laifin gyaɗa ne. A shekararsa ta farko, yaranmu na dab da layi, sai kwaɗayi ya kai shi ƙarƙashin benayen 'yan kallo sayen dafaffiyar gyaɗa, sai aka ci. Mako na gaba aka maimaita. Maƙwabcinsa Buford Tillery, wanda katanga ɗaya ta raba gidajensu, kuma benci ɗaya ya haɗa su, shi ne ya lura. Tun daga ranar, da zarar an matso layi sai a ce, "Delmer, tashi ka sayo gyaɗa." In aka ci, Delmer ne. In ba a ci ba, ai bai sauka da wuri ba ne.

Shi ya sa ya san ci ta wata hanya daban. Da farko murfin tukunyar mai gyaɗa zai fara rawa. Sai ƙura ta zubo daga ƙarafan sama ta faɗa masa a hula. Sai tsattsewa su fito daga sheƙunansu a firgice. Ya sha gaya mini cewa tsuntsayen nan suna riga mutane sani, kuma ni na yarda.

To, ranar Talata likitan ido ya gaya masa tsakiyar ganinsa tana mutuwa. Baɗi war haka ba zai bambance ɗan wasa da falwaya ba. Earlene kaɗai ta sani. Ga shi kuma gobe ne wasan gida na ƙarshe a bana, da ƙungiyar Alfadaran Pinckard, waɗanda rabon mu da cin su shekara shida.

Asabar tun da hantsi filin ajiye motoci ya cika. Kowa ya sauke bayan a-kori-kurarsa, hayaƙin gashin haƙarƙari yana tashi, ana zuba shayi mai ƙanƙara. Gwaggo Wanda, maƙwabciyarsu ta tsallaken titi, ta miƙa wa Delmer cinyar kaza. Ya ƙi. Shayi ma ya ƙi.

"Lafiya, Delmer? Kai da ba ka wuce tayi?"

"Yau ba na son abin da zai tashe ni," ya ce, ya shige ciki da bargo a hammata, yana ɗan ƙwaram-ƙwaram in ya taka.

Wasa ya yi zafi. Saura daƙiƙa ashirin a tashi, Alfadarai suna gaba da maki huɗu, ƙwallo kuma tana hannun yaranmu, taku uku tsakaninsu da layi, tsallake shi kuwa maki shida ne. Kocinmu ya nemi hutu. Buford ko juyowa bai yi ba, ya zunguri Delmer da gwiwar hannu.

"Maza, mutumina. Gyaɗa."

"Na ƙoshi."

"Wa ya tambayi cikinka? Tashi!"

Ɗalibai da ke sama, waɗanda ko sunansa ba su sani ba, suka ɗauki waƙar da suka gada daga iyayensu: "Gya-ɗa! Gya-ɗa!" Masu bushe-bushe suka kama musu da ganga. Buford ya fizge bargon, sai ga sarƙa ta zagaye Delmer da bencin, ga kwaɗo kamar dunƙulen hannu.

"Ya Ubangiji!" in ji Gwaggo Wanda. "Ai wannan sarƙar karenku ce!"

"Ina mabuɗin, tsohon banza?" Buford ya kama kwaɗon yana jijjigawa. "Earlene, yana wurinki?"

Earlene ta gyara wuyan rigarta. "Yana inda ko fasto ba zai sa hannu ba."

"Shekara shida, Delmer! Surukina ɗan Pinckard ne. Ka san abin da nake sha a teburin Kirsimeti? Kukan alfadari yake mini in zai miƙo gishiri!"

"Buford," Delmer ya ce, bai ɗaga murya ba, "idona tafiya yake. Likita ya ce bana ce ta ƙarshe. Ɗaya tak nake so in gani."

"To ka saurara da kunne mana, ai ka saba!"

Maganar na fita Buford ya kama bakinsa. Can sama ana ta "Gya-ɗa!" Alƙalin wasa ya kai usur baki. Buford ya dubi fili, ya dubi abokinsa, ya sake duban fili. Sai ya cafke koriyar hular daga kan Delmer ya kifa a nasa.

"Ai sa'a ba ta da tabarau," ya ce. "Hula za ta gani."

Ya gangara matakala yana ɗingishi da gwiwarsa ta ƙarfe, ya ɗan rankwafa irin tafiyar Delmer. Ɗalibai suka ga koriyar hula tana sauka, suka ɓarke da tafi.

Delmer ya kalli yaran, sai ya ga wani baƙin gajimare zaune daidai inda ƙwallo take. Ya tuna dabarar da likita ya koya masa, ya kawar da idonsa gefe, ya kafa shi a kan turken raga. Ta gefen ido sai ga komai. Wani siririn yaro mai lamba ashirin da biyu ya rungume ƙwallo a ƙirji, ya tarar da mutane sun taru tsibi a gabansa, sai kawai ya tashi sama. Delmer ya rantse yaron ya daɗe a can, har ya ɗan huta, kafin ya faɗo da ka a bayan layi.

Filin ya ɗauka. Bencin ya yi rawa a ƙarƙashinsa. Daga ƙasan benaye tsattsewa suka ɓullo, suka zagaya fitilu. Bai taɓa ganin bayansu ba sai yau. Ashe shuɗi ne. Ya zabura zai miƙe tare da kowa, sarƙa ta mayar da shi zaune, ya yi ta dariya yana share ido da bargo.

Mutane sun zuba cikin fili suna rungumar yaran sa'ad da Buford ya hawo yana haki, ƙura a hula, ƙullin gyaɗa a hannu.

"An ci? Wa ya ci? Ta ina ya bi?"

"Murfin tukunya ya yi rawa?" in ji Delmer.

"Ya yi."

"To, an ci."

Buford ya cire hular ya miƙa masa. Delmer ya karɓi gyaɗar kawai.

"Riƙe ta. Ta zauna maka daidai."

Earlene ta juya baya tana laluben mabuɗi. Gwaggo Wanda kuwa ta tsaya da kwanon kazarta, tana ƙirga wani abu da yatsu. Can ta ɗago kai.

"Ni fa ban gane ba. Wai Delmer ne, ko hular ce? Kuma baɗi in an matso layi, wa zai riƙa tashi?"

Duk layi na goma sha huɗu suka juyo suna kallon Buford. Delmer ya fasa gyaɗa ɗaya, ya tsotse ruwan gishirin.