Manyan Baƙaƙe Don Somto

Ni dai ban taɓa satar littafin kowa ba, bari in fara da wannan. Sunana Tabita, ina koyar da ilimin halittu a wata makarantar kuɗi a Gyadi-Gyadi, kuma iyakar abin da na yi shi ne na ƙara wa wata yarinya girman baƙaƙe.

Somto sunanta, 'yar ajin ƙarshe. Iyayenta 'yan ƙabilar Ibo ne, amma a Tarauni aka haife ta, Hausarta ma ta fi tawa. Idonta ne yake mutuwa a hankali. Likita ya gaya wa uwarta ƙiri-ƙiri cewa babu magani. In yarinyar za ta yi jarrabawar fita, to ta yi bana, domin baɗi ba lallai ta ga takarda ba. Ƙananan baƙaƙen littafi sun daina shiga mata, amma in aka buga shafi a babbar takarda, sai ta kai hanci kusa ta karanta tsaf. Don haka duk ƙarshen mako nakan karɓi littafinta, wanda ubanta ya saya da guminsa, in ɗora a injin fotokofi na ofis, in fitar mata da darasin gaba, kowane harafi kamar ƙwayar wake.

Masifar daga mai makarantar ta taso, Alhaji Lawan. Mutumin ya daɗe yana kwafe littattafan mutane sukutum, ya sa musu bango mai tambarin makaranta, ya sayar wa yara dole. Kowa ya sani, kowa ya yi gum. Rana dubu ta ɓarawo. Wata safiya jami'an kare haƙƙin mallaka suka dira, suka kwashe kwalaye, suka tafi da shi. Da ya dawo, mutum ya zabge, hula har tana yi masa yawa.

Ya tara mu a tsakar makaranta, ya sa aka naɗe injin da sarƙa aka danna kwaɗo. Ya ce duk wata takarda da aka kwafo daga littafi a fito da ita a ƙona. Aka bi aji-aji ana zazzage jakunkuna. Ina tsaye aka zaro manyan shafukan Somto aka jefa a wuta. Ba ta yi kuka ba. Ta juyo inda ta ji muryata ta ce, “Anti, laifi na yi?”

Wallahi raina ya ɓaci. Na bi shi har ofis.

“Alhaji, wannan ba irin waccan ba ce. Yarinya ɗaya ce, littafinta ne, ba sayarwa muke yi ba. Gani ne ba ta yi.”

“Malama Tabita, kwafi kwafi ne.”

Akwai wani lauya a cocinmu, Elisha. Na kai masa maganar, ya yi tsaki, ya ce ai doka ta bar ƙofa ga malami ya kwafi ɗan sashe don koyarwa, balle kuma mai larurar ido. Na koma da gudu na gaya wa Alhaji. Ya dube ni sama da ƙasa.

“In sun dawo, lauyan naki ne zai kwana a bayan kantar 'yan sanda ko ni? Ki kawo min izinin masu littafin a rubuce, da hatiminsu. In ba haka ba, kar ki sake tayar min da zancen nan.”

Ka ji fa. Wanda ya yi shekaru yana sata da rana tsaka, yau shi ne ya fi kowa tsoron doka. An ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, amma ai ba a kan 'yar mutane zai yi gudun ba.

Na kira kamfanin da ya buga littafin. Wannan ya tura ni wajen wancan, wancan ya ce mai sa hannu ya yi tafiya, a ƙarshe wata mata mai sanyin murya ta ce za su duba. Na fita waje neman mai fotokofi. Ɗan'azumi na bakin titi, wanda muka saba da shi, a samamen nan aka ɗauke masa inji, na same shi yana sayar da katin waya. Sauran shagunan kuwa, daga nan har Hotoro, da sun hango bangon littafin makaranta sai su ɗaga hannu, “Hajiya, ki rufa mana asiri.” Na sayi alƙalamin allo mai kauri na fara rubuta mata da hannu a bayan tsofaffin kalandu. To, darasina na iya. Lissafi fa? Kimiyyar sinadarai fa? Yarinyar tana zaune a aji, hannu a kan tebur, ana buɗe shafi ana wucewa.

Sai jarrabawar gwaji ta zo, wadda in ɗalibi ya faɗi Alhaji ba ya yi masa rajistar ta fita, wai kar a ɓata wa makaranta suna. Na roƙe shi ya buɗe injin ko don takardar tambayoyi kaɗai. Ya ce ai daga littafi aka tsamo tambayoyin. Na ce to in zauna in karanta mata. Ya ce sauran iyaye za su ce satar amsa ce. Somto ta wuni tana murza ido a kan takardar, ta amsa abin da ta iya hangowa. Ta faɗi. Aka rufe rajista babu sunanta, ta daina zuwa makaranta.

Izinin ya zo daga baya, da damina ta yi nisa. Kamfanin ya ce babu komai, har da yi mana fatan alheri. Alhaji ya karanta, ya miƙo min makullin injin yana murmushi, “Kin gani? Komai a bi shi ta hanyarsa.” Da na buɗe baki a lokacin, da na rasa aikina, don haka na haɗiye.

Na buga mata babi guda cur, na hau a-daidaita-sahu zuwa Tarauni. Na ce a raina ko baɗi ne, a gwada jarrabawar. Uwarta tana soya ƙosai a ƙofar gida, ta amsa gaisuwata ba ta ɗago ba. Somto na zaune a kan benci a inuwa. Da ta ji muryata ta miƙe da murna.

“Ga su nan, Somto. Sun yarda.”

Ta laluba ta karɓa, ta shafa takardar, ta kai ta kusa da fuska kamar yadda ta saba. Ta daɗe a haka.

“Kai, Anti, sun fito raɗau. Na gode. Yau ɗin nan zan fara.”

Shafin a juye yake a hannunta, ƙasa a sama. Na dubi uwarta, ta girgiza min kai a hankali, alamar in yi shiru. Na ce, “To, ki yi karatu da kyau.”