Kwalbar Matar Mai Wasiƙa

Tana laluben makulli a jaka a ƙofar ɗakinta na bene ta ji ana hawo matakala, ana tsayawa ana hutawa. Inna ce, matar tsohon nan na ƙasa da kowa ke kira Mai Wasiƙa, don shekara talatin ya yi yana raba wasiƙu kafin ya ajiye aiki. Wata huɗu ke nan yana kwance da ciwon daji.

Inna ta kwance bakin mayafi ta fito da wata 'yar kwalba, an wanke ta fes, har takardar jikinta an kankare.

"Ko rabi ne, 'yata. Na wurin aikinku."

"Inna, bai zama magani ba tukuna. A jikin ɓeraye muke gwadawa."

"Sun warke?"

"Wasu kumburin ya ragu."

"To ɓera ya fi shi ne?"

'Yar Bene, kamar yadda ake kiranta a gidan, tana da amsa. A ɗakin gwaji na jami'a, aikinta haɗa wasu ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, masu rassa kamar bishiya, reshe a kan reshe. A tsakanin rassan ake ɓoye magani, wani lokaci har da guntun ƙwayar halitta mai hana dajin yaɗuwa, don ya isa kumburin bai ƙone sauran jiki ba. Amma cikin ɓeraye goma sha biyu, huɗu hantarsu ta lalace, kuma ba a taɓa sa wa mutum ba. Duk wannan yana bakinta. Sai kawai ta miƙa hannu ta karɓi kwalbar.

"Zan gani, Inna."

Tun tana ƙarama ba ta iya ce wa babba a'a ba.

Daga ranar matakala ta yi mata tsawo. Ƙofar su Inna tana daidai gindinta, labule kullum a ɗage. Ta koma saukowa da takalmi a hannu. Inna ba ta sake tambaya ba, sai dai in sun haɗu takan dubi jakar kafin ta dubi fuskar. Har mai shagon bakin titi ya ce mata, "An ce ke za ki tashi Baba. Allah ya ba da sa'a."

A rana ta tara ta ga Inna ta fita kemis, sai ta yi sallama ta shiga wurin tsohon. An jawo gadon kusa da taga, akwai bokiti a ƙarƙashinsa, fanka tana juyawa tana ƙara. Tsohon ya ƙare, sai idanu, su ma sun yi rawaya.

"'Yar Bene, kin koyi tashi sama ne? Kwana tara ban ji takalminki ba."

Ta durƙusa a gefen gadon. "Baba, babu abin da zan kawo. In na ba ka, shi zai riga ciwon kashe ka."

"Na sani. Zauna mana, ba kotu ba ce." Ya numfasa. "Shi abin naku, ta yaya yake gane gidan da aka aike shi?"

"A bakin rassan muna liƙa wani abu da ƙwayoyin dajin ke so. In ya zo wucewa sai su kama shi su ja ciki."

"In bai samu gidan ba fa?"

"Sai ya zarce hanta."

"Ya bar saƙon a gidan wani ke nan." Ya fara dariya, ta koma tari. "Ni ma na taɓa yi. Matar gidan ta buɗe ta karanta, saura ƙiris aure ya mutu."

Ta miƙa masa ruwa, ya jiƙa leɓe kawai.

"Kada ki mayar mata da kwalbar nan. Tun ranar da ta hau wurinki take cin abinci. Wata huɗu ban ga haka ba."

"Baba, ƙarya zan yi mata ke nan."

"Ni na aike ki. Ki ce ana shiryawa."

A bakin ƙofa ta yi karo da Inna ɗauke da ledar magani. "Ana shiryawa, Inna," ta ce, tana kallon ƙasa. Sau huɗu ta faɗi haka a cikin mako biyu, kowane ya fi na baya sauƙin fita.

Ranar wata Talata da safe ta sauko ta tarar da takalma a jere har matakala ta uku. An yaye zanen gadon, an kashe fanka. Inna tana zaune a ƙasa tsakanin mata, ta miƙe ƙafafu. 'Yar Bene ta durƙusa a gabanta ta yi gaisuwa, tana jiran a yi mata faɗa.

Inna ta kama hannunta.

"Na ce masa ya daure, an kusa. Bai jira ba. Shi da ma gaggawa gare shi." Ta ƙura mata ido. "Da ya ƙara ko mako guda, da ya samu, ko?"

'Yar Bene ta dubi tsohuwar.

"E, Inna."

Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta saki hannun.

'Yar Bene ta jira kuka ya zo a mota, bai zo ba. A ɗakin gwaji ta sa farar riga da safar hannu, ta buɗe akwatin ɗumi ta ciro farantin da ake rainon ƙwayoyin daji a ciki. Ruwan da suke ci ya koɗe, daga ja ya koma rawaya, alamar sun cinye. Ta leƙa madubin ƙara girma: sun cika farantin, sun hau kan juna, lafiyarsu lau. Ta zuƙe tsohon ruwan, ta ɗumama sabo, ta zuba musu a hankali ta gefen farantin don kada su ɗaga.