Bango Mai Ciki

Magini ya tsani ganin littafi a wurin aiki. A wurinsa, duk mai gidan da ya zo da littafi a hammata ya zo ne ya koya masa sana'ar da ya yi furfura a cikinta. Wannan matar da yake yi wa gini kuwa, mai kemis ɗin bakin titi, nata littafin kauri gare shi kamar bulo, cike da hotunan gidajen da ba sa cin wutar lantarki. Akwai shafi ɗaya da ta naɗe wa kunne har ya kusa yagewa.

Ta buɗe masa shafin ta ce, "Malam, ɗakin nan na baya, bangonsa na yamma biyu za ka yi. Ka bar fili tsakaninsu, faɗin yatsu huɗu. Kada ka sa komai a ciki."

"Komai?"

"Iska kawai. Ita ke tare zafin rana, ba ya isa ɗakin."

Ya ce to, amma iyakarta baki. Shi dai ya san iska da ɗaga kwanon rufi, bai santa da gadi ba.

Dogo, ƙanin matarsa mai kwaɓa masa siminti, shi ya ƙara wa abin gishiri. Yana juya shebur ya ce, "Yaya, mai kemis ce fa. Bango mai ciki, a ɗakin baya, ba ko taga ta wannan gefen. Kai ka yarda iska za ta adana?"

Magini ya ce masa ya kama bakinsa, amma maganar ta riga ta zauna. Sai ya soma lura. Sau biyu take zuwa a rana, kuma ba ta kallon falo, ba ta kallon kicin, bangon nan take nufa. Ta hau bulo ta haska filin da fitilar wayarta, in ta ga ɗigon siminti ta sa a tsamo shi. Ta sa an bar wasu 'yan ramuka a ƙasan bangon waje, wai don ruwa ya fita. Rannan kuma ya ji ta a waya, murya ƙasa-ƙasa, tana cewa, "Kada ka gaya masa tukuna, sai an gama."

Tsoro ya kama shi sosai. Ba shi da shago, ba shi da allon talla, sunansa kaɗai ke kawo masa aiki. In wata rana hukuma ta fasa bangon nan ta samu ƙwayoyi, tambayar farko ita ce wa ya gina.

Da ta yi tafiyar kwana biyu, ya sa Dogo ya yi kwaɓi mai ruwa-ruwa. Bokiti bayan bokiti suka ɗura wa filin, har ya cika maƙil. Magini ya shafe saman da cokalin gini, ya ji kamar an sauke masa kaya. Yanzu ta zo ta ɓoye ko allura ce ya gani.

Ran Litinin da la'asar ta dawo, ta fito da wani tsoho daga mota. Yana dogara sanda, ƙirjinsa na ƙugi tun daga nesa. Ta riƙo shi a hankali har ɗakin baya.

"Baba, ga ɗakinka," ta ce. Ta juyo wajen magini. "Mahaifina ne. Iyakwandishan na tayar masa da asma, zafi kuma ya hana shi barci. Wata uku ina karatun yadda zan sama masa sanyi ba na'ura. Ban so ya sani ba sai an gama, na dai kasa haƙuri."

Tsohon ya dafa bangon, ya dubi magini ya ce, "Allah ya yi wa hannunka albarka, ɗana."

Kunya ta rufe magini. Ya waiga neman Dogo, ashe tuni ya ɓace bayan tulin yashi. Matar ta kunna fitilar waya ta ɗora ƙafa a kan bulo.

"Malama, ba sai kin hau ba," ya ce. "Na cike shi."

Ta sauke ƙafar. "Ka cike shi da me?"

"Da siminti."

"Don me?"

Ta daɗe tana kallonsa, shi kuma yana ganin yadda take harhaɗa abin da kanta. Ba ta ɗaga murya ba, saboda tsohon.

"Me ka zaci zan zuba a ciki, Malam?"

Ya je ya ɗauko babbar guduma.

Kwana biyu ya yi yana rushe bangon, domin kwaɓin ya kama da kyau, aikinsa ne. Bai jira an ce ya sake ginawa ba, ita ma ba ta kore shi ba, da ma korar ta yi da ya fi masa sauƙi. Ranar da ya ja igiya zai aza bulon farko, ta bar kemis a hannun ƙanwarta, ta zo da kujerar roba ta ajiye taku uku daga inda yake. Ta buɗe littafin a cinya, amma ba shi take kallo ba. Tun yana ɗan koyo rabon da wani ya tsaya masa a kai.

Ya ɗauki bulo, ya shafa masa siminti.

"Dakata," ta ce. "Juyo shi in gani."

Ya juyo mata shi.