Ɓatan Wata

...kuma ai da bakinta ta faɗa. Abin da ya hana Ogechi sakat ke nan. Matar da ta zo sayen magani ba ta ɓoye ba, ta faɗa ƙasa-ƙasa, tana murza gefen hijabi: "Likita, bayana ke ciwo... kuma na yi ɓatan wata."

Likita! Ɗalibar haɗa magunguna da aka turo koyon aiki wani kantin magani a Sabon Gari, farar rigar ma karin guga bai bar ta ba. Mai kantin ya ce yana zuwa, kada ta ba kowa komai sai ya dawo. Amma an ce likita — kai ya kumbura, hannu ya kai kan kantar magani.

Yanzu ga ta a lungunan Fagge, rana na dukan ƙeyarta, tana leƙen fuskokin mata. Daga Fagge matar ta ce take, iyakar abin da ta sani ke nan. Hijabi ruwan toka. Ruwan toka ne kuwa? Ko ruwan ƙasa? Yau kamar matan unguwar haɗa baki suka yi...

Ɓatan wata. Ita ga yadda ta ji: wata guda matar ta ɓata tana fama da baya. Har sannu ta yi mata. Ogechi fa, haihuwar Sabon Gari, mai cika bakin Hausarta ta fi ta 'yan birni, wadda 'yan kasuwar Bata ke shakkar ciniki da ita — to, ga Hausar nan. Ashe ta kasuwa ta iya. Akwai ta ɗaki, wadda mata ke yi da sunkuyar da kai, ita ba a taɓa yi da ita ba.

Ruwaida 'yar ajinsu, da Ogechi ta ba ta labarin a cikin adaidaita, dariya ta soma, sai dariyar ta ɗauke. "Al'adarta ce ba ta gani ba, Ogechi. Ciki ne da ita, kunya ce ta hana ta faɗa miki kai tsaye. Me kika ba ta?"

Me ta ba ta... Farar ƙwayar nan ta ciwon gaɓoɓi. Wadda malaminsu ya buga tebur a kanta: ko da wasa kada a ba mai ciki, zubar da shi take. Ta rubuta. Ta ma ci tambayar a jarrabawa. Safe da yamma, bayan an ci abinci — haka ta ce mata, har da murmushi. Matar ta ce Allah ya saka da alheri.

Ta sha? Wataƙila ta manta. Wataƙila wata ta hana ta. Mutane nawa ke sayen magani su jefa a kwaba... Ya Ubangiji, sa ta zama cikinsu. Tsoro Ogechi take ji, tsoron da bai taɓa kama ta ba.

Wani zaure, wata tsohuwa na tsince shinkafa a faifai. Ogechi ta yi sallama, ta durƙusa.

"Sannu, 'yar nan. Wa kike nema?"

Wa? Ba suna, ba gida, fuskar ma ta soma dushewa. Alama ɗaya take da ita, ita kuwa ba ta tambayuwa. Ƙila uwar matar ba ta sani ba tukuna. Ƙila mijin ma bai sani ba. Duk Kano ita kaɗai aka gaya wa — ita, da ba ta ji ba.

"Inna, wata mata ce... mai..."

Tsohuwar ta ajiye faifan, tana jira.