Inna Ta Zare Filogi

Duk unguwar babu tsohuwar da ta kai Inna gata. Haka maƙwabta ke faɗa, su da ba a gidan suke wuni ba. Autanta, mai sayar da kayan gini ta waya daga wani ofis a ɗaya gefen gari, ya cika mata gida da idanu: kyamara a falo, kyamara a kicin, wata a bakin ƙofa, ga agogon hannu da ke sauraren bugun zuciyarta yana kai masa rahoto kamar ɗan tsegumi. Dukansu kuwa ransu na hannun wani ɗan farin akwatin intanet da ke kan kabad, mai koriyar fitila.

Cefane ma an ɗauke mata, wai don ta huta. Da can takan taka zuwa shagon kan kwana, ta kushe tumatir, ta ji wa ta haihu, wa ya tashi daga haya. Yanzu Auta ke latsa waya, wani mai babur da hular kwano ya dire leda a ƙofa, ya ɗauki hotonta, ya ƙara gaba. Hoton ledar fa, ba na Inna ba.

Ita kuwa abu ɗaya take so a duniyar nan: ta ga ɗanta a kujerar kusa da taga, inda ubansa ya saba zama, ya sha shayi, ya zubar mata da sukari a tebur. In ta ce, “Yaushe za ka leƙo?” sai ya yi dariya a waya.

“Inna, ai kullum ina ganinki. Ko ɗazu na ga kin bar murhu a kunne.”

Madalla da ɗa mai albarka. Yana ganinta, ita ce dai ba ta ganinsa.

Wata safiya tana goge kabad, tsumma ya sarƙe da wayar akwatin, filogi ya faɗo. Koriyar fitila ta mutu. Inna ko a jikinta, ta ci gaba da shara. Ba ta kai ga kwashe sharar ba ta ji birki a waje, sai ga Auta ya faɗo falo yana haki, gumi sharkaf, maɓallin riga a karkace.

“Inna! Komai ya ɗauke, na zaci faɗuwa kika yi.”

Ya riƙe kafaɗunta yana dubanta sama da ƙasa. Da ya ga lafiya lau take, ya mayar da filogi, kuma tunda ya riga ya zo, ya zauna a kujerar taga ya sha shayi. Har sukarin ya zubar. Daɗi ya kashe Inna, ta wuni tana waƙe-waƙenta a kicin, kyamara na kallo.

To, tsohuwa ce, amma ba wawiya ba ce. Bayan kwana biyu ta yi wanka, ta ɗaura sabon ɗankwali, ta jera kofi biyu a tire, ta miƙa hannu bayan kabad. Auta ya zo, sai dai wannan karon maɓallansa daidai suke. A karo na gaba ya zo da waya a kunne, yana rigima da wani a kan farashin siminti, ya mayar da filogi da hannu ɗaya, ya ɗaga mata ɗayan, ya fice. Inna ta ce a ranta ko a tsaye ne ai zuwa ne.

Ran da ta sake zarewa, aka yi sallama da baƙuwar murya. Mai gyara ne daga kamfanin intanet, dattijo mai furfura a gemu, da jakar kayan aiki da wani baƙin akwati a hammata. Ya dubi filogi a ƙasa, ya dubi kofuna biyu, ya yi gyaran murya.

“Mama, soket ɗin nan ne ya saki,” ya ce, don shi an yi masa tarbiyya.

Ya durƙusa ya haɗa wayoyinsa, ya jona baƙin akwatin da farin. Fitila ta dawo. Ya zare filogi da kansa don gwaji, fitila ta tsaya ƙyam, ko ƙyaftawa babu. Nan take wayar Inna ta yi ƙara.

“Inna, an gama da matsalar nan,” in ji Auta, muryarsa fal alfahari. “Batir na sa aka haɗa. Ko kin zare, ba zai mutu ba.”

“Wa ya ce maka zarewa nake yi?”

“Haba Inna. Kyamarar falo tana ajiye abin da ta gani kafin ta ɗauke. Tun tuni nake kallo. Ki ɗaura ɗankwali, ki jera kofi biyu, ki miƙa hannu. Har matata na nuna wa, ta ce wallahi kin iya dabara.”

Ba kunya ce ta kama Inna ba, baƙin ciki ne. Ashe ya ga ɗankwalin. Ashe ya ga kofi na biyu, ya san na wane ne. Ya zauna a ofishinsa ya yi tunani da ƙwaƙwalwar nan da ita Inna ta sha wuya ta kai makaranta, abin da ya gano uwarsa ke bukata shi ne batir.

Ta ajiye wayar ta dubi mai gyara, wanda ya duƙufa yana naɗe wayar da ta riga ta naɗu.

“Malam, zauna can kusa da taga ka sha shayi, kada ya huce.”

“Mama, da na so,” ya ce, ya nuna wayar da ke aljihunsa. “Ofis na ganin inda nake. In na daɗe a wuri ɗaya, kira za su yi.”

Ya ɗauki hoton baƙin akwatin, ya yi mata sallama, ya tafi.

Inna ta zauna ta shanye kofinta. Ta jawo na biyun, shi ma ta shanye, don ba ta saba zubar da abu ba. Tana ajiye shi agogon hannunta ya yi tsuwa, waya ta biyo baya.

“Inna, agogo ya nuna zuciyarki na bugawa da sauri. Lafiya?”

“Lafiya lau. Shayi na sha kofi biyu.”

“Ai na gani,” ya ce. “Ki riƙa tsayawa a ɗaya.”