Kifayen da Sunka Gaida Maccido

Duk wanda ya taɓa zama majalisar bakin kasuwar Goronyo ya san labarin Maccido masunci, don Maccido bai taɓa barin baƙo ya tashi bai ji shi ba. Shi ne wanda kada ta kama wa cinya, ta ɗanɗana, ta saki don kanta. Shi ne ya ga yunwar da ta kwantar da ƙarti, ya fito da ƙafarsa. Shekarar babbar ambaliya kuwa, bisa reshen tsamiya anka iske shi da akuya saɓe a wuya, shina zagin masu jirgi don sun makara. Karatun allo bai wuce surorin salla ba, boko ko ƙofa bai leƙa ba, amma in dai maganar ruwa ce da abin da ke cikinsa, yakan ce gulbin Rima ne ya karantar da shi, kuma tuni ya sauke.

Abu guda ne bai iya ba: zance da ɗiyarsa Sa'adiyya. Ɗiyar fari ce. Tun da anka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba, bai ɗauke ta gaban mutane ba, haka ya iske magabata na yi da 'ya'yan fari. Sai dai ya ce "ke", ko "waccan". Uwarta Habi ke kai magana tsakaninsu, da Habi ta rasu sai maganar ta rasa mai kai ta.

Sa'adiyya ta yi aure Wurno, gidan wani mai gyaran waya da ake kira Bashar. Zazzaɓin 'yan kwanaki ya ɗauke shi. Da ta fita takaba sai ta dawo gidan uba cikin a-kori-kura, ita da kayanta, tana rungume da bokiti mai murfi, ba ta yarda kowa ya karɓa mata ba. Cikin kayan akwai akwatin gilashi, da farantin sola, da batir, da wani ɗan inji mai siririn tiyo. Ta girke akwatin a inuwar rumfa, ta sa wani ɗan dutse ciki, ta cika shi da ruwa, ta juye abin da ke cikin bokiti. Kifaye biyar sunka watsu ciki, huɗu ja-ja kamar an tsoma su cikin manja, ɗaya baƙi mai fitattun idanu.

Maccido ya duƙa ya duba, ya tambayi iska, don ba zai tambaye ta ba.

"Minene wanga kuma? Ci akai?"

"Ba a ci, Baba. Kallo akai. Na marigayi ne, daga Sakkwato ya sawo su suna ƙanana."

"Kihin da ba a ci! Allah shi kyauta."

Amma washegari bayan la'asar sai ga shi ya jawo tabarma gefen akwatin, wai inuwar nan ta fi sanyi. Ita tana can ɗaya gefen tana tsintar wake. Gilashi da ruwa na tsakaninsu. Ya dubi kifin nan mai ƙaton tumbi ya ce masa, "Kai, wa ya raɗa maka suna?" Sa'adiyya ta dubi kifin, ba ubanta ba, ta ce, "Alhaji sunansa. Mai doguwar jela ita ce Amarya. Baƙin nan Bashar na ce masa Maigadi, don ba ya barin bakin dutse." Maccido ya yi dariya har da tari.

Daga ranar anka samu hanya. Shi ya gaya wa Alhaji labarin kada, ita ta gaya wa Amarya yadda Bashar ke rufe shago da wuri don kada kifayen su kwana da yunwa, da yadda ya yi ta tambayarsu ko sa'ad da zazzaɓi ya ci ƙarfinsa. Abin da uba da ɗiya ba su faɗa wa juna ba tun tana goye, sai ga shi yana ratsa ruwa yana isa. Maccido ya daina daɗewa majalisa. In anka yi masa tsiya ya ce ƙafa ke damunsa.

Da bazara ta kankama, zafi ya yi zafi, sai Sa'adiyya ta shirya zuwa ban-gajiya ga dangin mijinta, na Lahodu da na Maikujera, waɗanda sunka yi ta ɗawainiya da ita lokacin takaba. Ta durƙusa gaban ubanta, ta ajiye wani ɗan gwangwani.

"Baba, ga abincinsu. Da safe kawai, abin da yatsu biyu za su tsinta. In ruwa ya ragu a ƙara daga randa. Injin ga kuma don Allah kada a kashe shi, ko da rana ko da dare."

"Ke! Ni za a koya ma kihi? Kihin da ya bi ta hannuna, in an jera shi sai shi kai Wurno shi dawo. Tahi abinki."

Ta yi ɗan murmushi, ta tsaya gaban gilashi ta daɗe, sannan ta hau babur ɗin haya.

Da Lawwali mai albasa bai leƙo gidan ba, wataƙila da shi ke nan. Abokin wasan Maccido ne tun suna yara, bakinsa ba ya hutawa. Ya duba gwangwanin, ya duba kifayen, ya tafa hannu.

"Subhanallahi! Gidan masunci guda, baƙi na kwana da tsinta? Dubi wancan, duk ido na. Ashe rowa taka har ta kai ga kihi, sarkin cika baki."

"Rowa gadon masu albasa ta. Ka dawo ka gani."

Maganar ta zauna masa. Ya kwana yana lissafin yadda yarinyar nan za ta dawo ta iske kifayen mijinta sun yi ɓul-ɓul, ta dubi Alhaji ta ce, wa ya yi maka wannan gata? Bai taɓa ba ta komai hannu da hannu ba. To ga abin da zai ba ta.

Ya san abin da kifi ke so, ai da shi ya yi ta tara su bakin homa, ƙatuwar ragarsa ta kamun kifi. Ya samu dusar gero, ya kwaɓa da ɗan gumba da sauran tuwon jiya, ya dunƙula ya jefa. Sunka yi caa a kai. Ya ƙara. Da rana ya ƙara, da marece ma haka. Sannan ya juya ga injin da ke ta ɓurɓur yana tada kumfa. Duk masuncin da ya san aikinsa ya san kifi ba ya son hayaniya, ko tari ba a yi bakin gurbi. Yaya dabba za ta yi ƙiba ana mata ganga bisa kai? Yaran zamani sun mayar da komai sai da waya. Ya kama igiyar ya fizge ta daga jikin batir. Ruwa ya kwanta lumui.

"Yauwa. Ku huta, bayin Allah."

Ruwan ya fara sauya launi, daga garau ya koma kamar tsinkakken kunu. Wannan ma ya yi masa daɗi. Wa ya taɓa ganin gulbi garau? Kifi na son inda zai ɓoye kansa. Wani ɗan wari ya fara tashi, ya ce ƙamshin fadama ne.

Ranar da abin ya faru, zafin ya wuce misali, ko ganye ba ya motsi. Maccido ya dawo sallar azahar ya iske kifayen biyar duk sun taso saman ruwa, sun jera bakuna suna buɗewa suna rufewa. Har Maigadi ya bar dutsensa. Daɗi ya kama shi, ya fita da sauri ya jawo Lawwali daga gindin itacen bedi.

"Zo ka gani da idonka! Da sun ji tahiyata sai su taso gaisuwa. Kihi ya san ubangida nai. Yaushe albasa ta taɓa gaishe ka?"

Lawwali ya leƙa, ya toshe hanci da bakin rawani, ya yi dariya.

"Wallahi sun burge ni. Sai ka ce tafkin bayan gari in ruwa ya ja baya, ranar da kuke cewa a kawo kwanduna."

Da wasa ya faɗa, ya nemi tabarma ya zauna. Amma Maccido ya ji kamar an zuba masa ruwan randa a ƙeya. Ya san wannan tasowar. Tun yana yaro ya san ta. Duk ƙarshen rani, in tafki ya ƙafe ya koma taɓo mai ɗumi, haka ƙarfasa ke tasowa da baki buɗe, su kuma su yi ta kabbara da guɗa don ranar kamu ta zo, ko da hannu sai ka ɗiba. Shekara da shekaru yana ganin abin daga bakin gaɓa, ranar farin ciki ce. Bai taɓa tambayar kansa mi kifin ke nema a sama ba. Sai yau ya gane iska ce ta ƙare cikin ruwan.

Igiyar injin na nan yashe kusa da ƙafarsa. Duƙawa ɗaya ce. To amma ga Lawwali zaune, ya miƙe ƙafa, ya ɗauko labarin farashin albasa a kasuwar Rabah, kuma jiya-jiyan nan Maccido ya gama gaya wa majalisa yadda ya tsige ganga daga kan kifaye. In ya mayar da ita yanzu, kafin magariba duk Goronyo ta ji. Sai ya zauna. Ya ce a ransa bari wannan ya tashi tukuna. Yana amsa zance da "haka ne, haka ne", idonsa na kan Amarya, wadda ta fara kwantawa gefe guda tana miƙewa.

Lawwali bai tashi ba sai da anka kira la'asar.

Yana fita Maccido ya dira kan igiyar. Sai dai fizgar da ya yi mata ta tsinke bakin, wayoyi biyu tsirara, bai san wadda ke zuwa ina ba. Ya gwada nan, ya gwada can, shiru. Ya jefar. Ya ɗauki ƙwarya yana kwashe ruɓaɓɓen ruwan yana zubarwa, yana ɗebo na randa yana kwararawa daga sama don ya yi kumfa. La'asar ta wuce shi. Kafin ruwan ya washe, Amarya da biyu daga cikin jajayen sun juya ciki sama. Alhaji ya kai safiya, ya ƙare cikin tafin hannun Maccido.

Bai jefa wa kaji ba. Ya haƙa rami gindin lalle ya rufe su. Duk tsawon rayuwarsa, su ne kifayen farko da ya binne.

Maigadi kaɗai ya rage. Maccido ya daina fita sai masallaci. Yana zaune da ƙwarya, ya ɗebo ya kwarara, ya ɗebo ya kwarara, yana yin aikin da ɗan injin nan ke yi ba gajiya. Haka Sa'adiyya ta iske shi ranar da ta dawo, da ƙullin ƙuli-ƙuli da surukarta ta aiko masa.

Ta yi sallama, ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta dubi gilashi. Ta daɗe tana dubawa, har ta zagaya bayan dutsen.

"Baba, ina sauran?"

Maganar gaskiya ta zo masa har bakin harshe. Abin da ya fito daban ne.

"Zahin bana ba na wasa ba na. Kuma kihin birni ba shi da ƙwari, ba kamar namu ba. Wanga ma da ba ni ba, da ya bi su. Ni na tsaya kansa, ko barci..."

Bai ƙarasa ba. Idonta na kan tsinkakkiyar igiya, daga nan ya koma kan ƙwaryar dusa da ya manta bai ɓoye ba. Ba ta yi kuka gabansa ba. Ta ɗauki igiyar, ta fere bakin da haƙori yadda ta ga mijinta na yi, ta murɗa wayoyin jikin batir. Injin ya ce ɓurɓur, kumfa ta taso. Maigadi ya sauka a hankali ya koma gindin dutsensa.

"Sannu da ƙoƙari, Baba," in ji ta. "Allah shi saka."

Da marece ta rage ruwan, ta ja akwatin da kanta zuwa ɗakinta, ta saki labule.

Ba ta canza masa ba. Tuwonsa na zuwa kan lokaci, ruwan alwalarsa na nan, gaisuwar safe ba ta fashi. In ya ce "ke", ta ce "na'am". Sai dai bayan la'asar babu abin da ke tsakanin tabarmarsa da tata, ita ma tabarmar tata ta daina fitowa.

Ya koma majalisa. Har yanzu yana ba da labarin kada da na tsamiya, kuma har yanzu babu mai ja da shi. Amma ranar da wani baƙo ya tambaye shi ko gaskiya ne babu abin da bai sani ba game da kifi, Lawwali ya gyara zama yana jiran cika baki, sai Maccido ya ce, "Kama shi na iya." Ya sa takalmi ya tafi gida da wuri.

Ya shimfiɗa tabarma jikin bangon ɗakinta, inda inuwa ba ta ma kai ba. Daga nan ana jin ɓurɓur ɗin injin, kuma wani lokaci, ƙasa-ƙasa, ana jin muryarta tana ba Maigadi labarin Bashar.