Dajin da Aka Sa a Firij

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina gasa kek a shagon 'ya'yan yayata. Su biyu ne. Babbar, wadda kowa ke kira Madam, ita ce a gaba. Ita ke karɓar baƙi, kuma hotonta ne a allon ƙofa, tana riƙe da fure tana murmushi. Ƙaramar, Auta, tana ɗakin baya, mai taga ɗaya da teburin ƙarfe, kuma duk furen da ya taɓa fita daga shagon nan daga yatsunta ya fito, har da wanda ke cikin hoton. Madam ba ta iya murza ko ƙwallon yara da kwaɓin sukari ba. Ba zagi nake ba, abin da idona ya gani nake faɗa.

Da takardar sitaci Auta ta fi aiki. Wata fara ce shara-shara, ana cin ta, kuma ba ta da maƙiyi kamar laima. Sai ta yanka ganye da ƙaramin almakashi, ta shafa masa launi da busasshen buroshi, ta ɗan nuna wa tururi na ƙiftawar ido don ya lanƙwashe, sannan ta rataye shi a waya ya sha iska. In ta gama sai ka rantse daga reshe aka tsinko shi. Saboda haka dokarta ɗaya ce a ɗakin: kek ya shiga firij tsirara, ado kuma ya zauna a akwatin kwali, ba a haɗa su sai an kusa fita. Kek mai sanyi in ya fito cikin zafi gumi yake yi, gumin nan kuwa ya taɓa takarda, aikin mako ya tashi a banza. Madam ta sha jin wannan magana, amma mutumin da bai taɓa wahalar abu ba, ba ya riƙe dokarsa.

Wata Litinin wata mata ta zo. Mahaifinta zai ajiye aiki bayan shekara arba'in yana kula da babban lambun gari, ana so a yi masa walima a cikin lambun ranar Asabar ta sama. Tana son kek mai kamar kurmi: kututturen itace, ganyaye, furanni, malam-buɗe-littafi, da tsuntsu a sheƙarsa. Ta zo da ganyaye na gaske a cikin ambulan don a kwaikwaya. Suna cikin magana Auta ta leƙo, yatsunta kore shar.

Matar ta ce, "Wannan fa? Ita ma tana yi?"

Madam ta yi dariya. "Wa? Ƙanwata ce. Tana ɗan taya ni wanke-wanke."

Ina tsaye da tire a hannu. Auta ta ƙaraso. Ta karɓi ambulan, ta koma ciki, ta turo ƙofa a hankali. Da ta buga ƙofar da ƙarfi da hankalina ya fi kwanciya.

Daga ranar ta duƙufa. Kututturen ta yi shi da kwaɓin sukari, ta tsaga ɓawonsa da bayan wuƙa, ta zuba masa gansakuka na marmashin kek. Ganyayen kuwa har hujin da tsutsa ta ci a na gasken sai da ta fitar da allura. Amma na lura da wani abu. Kowane ganye biyu take yi, kowane fure biyu. Ɗaya ta sa a akwatin da ke kan tebur, ɗaya a wani akwatin da ta tura ƙarƙashin teburin.

Na ce, "Auta, daji biyu aka ce ki yi?"

"Kawu, ganye yana karyewa."

"Shekara goma ban ga kin karya ko ɗaya ba."

"To bana na tsufa, hannuna rawa yake."

"Ki dai ji tsoron Allah."

"Ina ji, Kawu. Kekenka zai ƙone."

Tsuntsun kaɗai ne ba ta yi masa na biyu ba. Kwana huɗu ya ci mata, gashi ɗaya-ɗaya take mannawa, lokaci bai isa ta maimaita ba.

Ranar Asabar da hantsi Madam ta shigo cikin kwalliya, ta ce a haɗa komai yanzu-yanzu, tana so ta ɗauki hoto da shi tun haske na da kyau. Da can in ta faɗi haka Auta kan ce, "Yaya, bari sai ƙarfe uku." Yau sai ta haɗa. Aka yi hoto. Madam ta ari buroshin Auta ta riƙe kusa da tsuntsun kamar yanzu ta gama shafa masa ido.

Da aka gama ta share goshi. "Wannan zafi zai narkar da kirim. Ku sa min shi a firij."

Na buɗe baki. Auta ta kalle ni, kallon da uwarta ke yi min muna yara in zan kai ƙararta. Sannan ta juya ta ce, "A firij, Yaya? Haka da adonsa?"

"Da sai a ina, a kaina?"

"To, Yaya. Ke ce kika san aikin."

Na rufe bakina. Laifi ne, kuma na yi shi da sanina. Wanda ya ga rami ya bar ɗan'uwansa ya taka, ba shi da bambanci da wanda ya haƙa. Amma maganar wanke-wanken nan ni ma ta tsaya min a wuya.

Ƙarfe uku da rabi muka fito da shi, muka sa a mota. A lambun an jera kujeru a ƙarƙashin manyan itatuwa, an shayar da ciyawa da safe, iska duk ɗumi da laima. Muka ɗora kek a tebur, Madam ta cire murfin da kanta, mutane suka yi ta tafi. Minti goma ba a yi ba na ga ƙyalli ya fara fitowa a jikin kututturen. Ganye na farko ya sunkuyar da kai. Na biyu ya naɗe ya manne da kirim. Koren ya fara tsiyaya yana bin ɓawon, fikafikan malam-buɗe-littafi suka zube kamar jiƙaƙƙen tsumma.

'Yar mai lambun ta taho da sauri. "Madam, me ke faruwa? Baba yana hanya, saura minti ashirin. Ki gyara mana, don Allah."

Madam ta kai hannu ta ɗago ganye ɗaya, ya biyo yatsanta kamar majina. Ta ɗago wani, ya tafi da ɓawon itacen. Ta juyo tana neman ƙanwarta da ido.

"Auta! Zo mana, kin tsaya kamar gunki!"

Auta tana jingine da mota, ta harɗe hannu. "Yaya, ai ba a ci ba tukuna. Sai an ci zan wanke kwanukan."

"Ba lokacin wasa ba ne."

"Ni ma ban ga wurin wasa ba. Ki faɗa wa baiwar Allahn nan wa ya yi dajin, sai in ga ko akwai abin da mai wanke-wanke za ta iya."

Matar ta kalli wannan, ta kalli waccan. Kwalliyar fuskar Madam ita ma ta fara bin sahun ganyayen.

"Ita ta yi," ta ce a hankali.

"Ban ji ba, Yaya, iska tana kaɗawa."

"Na ce ita ta yi! Duka ita ke yi!"

Sai Auta ta buɗe bayan mota ta ɗauko akwatin nan na ƙarƙashin tebur. Ta tsince ruɓaɓɓun da ɗan hantsaki, ta tsane gumin da takarda mai laushi, ta shafe inda kore ya ɓata. Yanzu sanyin firij ya bar kek ɗin, ba sauran gumi. A gaban mutum kusan ɗari ta sake dasa dajin, ganye bayan ganye, hannunta ko rawa bai yi ba.

Tsuntsun ne bai tashi ba. Gashinsa ya narke ya zama dunƙule. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta cire shi ta naɗe a hankici, ta bar sheƙar wayam.

Da tsohon ya iso, ya sa tabarau ya sunkuya. Ya nuna hujin tsutsa a wani ganye, ya yi dariya har da ƙwalla. Sai ya ce, "Sheƙa ga ta, ina mai ita?"

'Yarsa ta juyo ta kalli Auta. Tsuntsun shi ne abin da ta fi roƙo, irin wanda tsohon yake zuba wa hatsi kowace safiya. Auta ta sunkuyar da kai. Wannan ɓangaren ba Madam aka hukunta ba, tsohon da bai san hawa ba bai san sauka ba shi ya biya, kuma na faɗa wa Auta haka a mota ba tare da na tauna ba. Ta ce ta ji. Ba ta ce ta yi nadama ba.

Kafin mu bar lambun mata uku suka karɓi lambar wayarta. Babu wadda ta kalli Madam.

Kwana biyar Madam ba ta taka ɗakin baya ba. A na shida, bayan an sauke allon ƙofa an kai wa mai fenti ya sauya hoton, ta shigo ba kwalliya, ta tsaya a bakin teburin ƙarfe tana murza zobenta. Auta na manna gashi a jikin wani sabon tsuntsu, wanda za ta kai wa tsohon.

Madam ta ce, "Ki nuna min yadda ake lanƙwasa ganyen nan."

Auta ba ta ɗago ba. Ta nuna wurin wanke-wanke da bakin buroshi, inda kwanukan kirim suka taru tun safe.

"Daga can ake farawa, Yaya. Soso yana kan taga."